Hutun Sista

Litinin, 2 ga wata, da la'asar

Keken ɗinkina ya wuni yana yi min gardama, zare sai tsinkewa yake. Malam, maigidana, ya ce ba laifin keken ba ne, na mai keken ne. Na sake zura zaren.

Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu a asibiti, ta zo shago da hantsi. Ba abin mamaki ba ne, ta saba zuwa. Tun da aka cire min maman hagu saboda sankara, na warke na koma ɗinka rigunan mama masu aljihu, waɗanda ake sa wa ciko a gefen da babu, ita ce ke kawo min mata daga asibiti. Sai ta riƙo hannun mace kamar ranar shiga aji ɗaya, ta ce, "Anti Tela, ga 'yar'uwarki, a gyara mata gaba." Mu yi dariya, matar ta ɗan yi kuka, ta koma gida da kafaɗa a miƙe.

Yau ita kaɗai ta zo. Har na leƙa bayanta, ban ga kowa ba. Ta tura ƙofa ta rufe, ta zauna kan tulin yadi, ta tambaye ni wane yadi ne ba ya ƙaiƙayi a kan tabo. Abin da ta fi ni sani. Na dai gaya mata. Sai ta miƙe tsaye ta ɗaga hannuwa.

Na ɗauko tef ɗin awo.

Ta sa na yi mata alkawari ko Malam ba zai ji ba. To ban ce komai ba, nan ma ba zan ce ba.

Alhamis, 5 ga wata, da azahar

Ranarmu ce a asibiti. Duk Alhamis ake duba waɗanda suka gama maganin sankarar mama, ana bin lafiyarmu, kowa da lokacin da aka yanka mata. Masu duba mu suna da yawa: Dogon Likita mai tiyata, Likitar Magani, Malama Ɗaga-Hannu mai motsa mana kafaɗa, Baban Taga na ɗakin magani, ga masu ɗaukar hoto can ƙasa. Kirki duk suna da shi, amma kowa yankinsa na jikinki ya sani, wannan tabo, wancan jini, waccan hammata. Sista ce kaɗai ta san mace ɗungurungum. Ita ke haɗa su, ita ke bugo waya ta ce gobe hoto, jibi jini, kada ki ci komai, ki zo da tsohon kwalin maganinki.

Yau wata ce a kujerarta. An aro ta daga ɗakin masu karaya, babbar mace mai tabarau, nan take muka sa mata Sistar Aro. Ta ce Sista ta ɗauki hutu.

Bencin da muke jiran likita a kai ya ɗauki zance. Wata ta ce ƙarin girma aka yi mata, wata ta ce kwas ta tafi. Mai Kifi, ƙawata tun ɗakin ƙarin ruwa, lokacin da kanmu duka yake tas kamar ƙwai, ta ce, "Ku daina wahalar da kanku, miji ta samu. Tela, ke da take zuwa shagonki, ba ta ba ki ɗinkin amarya ba?"

Na ce ɗinki dai ta bayar.

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi.

Gwiwoyina ke damuna, ƙwayar da nake sha kullum ce ke jawo shi. Likitar Magani ta ce a yi hoton ƙashi. Masu hoto suka ce sai da takardar Dogon Likita. Dogon Likita yana tiyata. Na hau bene, na sauko, na sake hawa. In gwiwar ake son gwadawa, ai an gwada ta. Mai Kifi ta nuna hannunta na gefen da aka yi mata aiki, ya ɗan tasa, zobe ya matse yatsa. Aka ce ta ga Malama Ɗaga-Hannu. Ta je ta tarar ta tashi.

Asabar, 7 ga wata, da safe

Na kira Sista, ba ta ɗauka ba. Ba komai.

Lahadi, 8 ga wata, da yamma

Malam ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Wannan sabon yayi ne, ko daga teku kika ɗebo?" Ashe gishiri na zuba.

Ya ce, "Tun Litinin kike hira da almakashi. Jikin ne?"

Na ce wallahi jikina lafiya lau. Ya yi min irin kallon da ya yi min shekarun can a bakin ɗakin tiyata, har na ce, "Ba ni ba ce, Malam."

Ya ce, "To Allah ya ba mai shi lafiya." Bai ƙara tambaya ba. Ya shanye shayin har ƙasa, wai kada a yi asara.

Ni fa ban ce komai ba. Shi ya faɗa.

Talata, 10 ga wata, da azahar

Na rufe shago na je gidan Sista da uzurin kai ɗinki. Na tarar ta fito da kujeru tsakar gida tana fentin falo, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali. Innarta na zaune a inuwa da rediyo manne a kunne, tsohuwa ce, ba ta ji sosai. Ta ce min, "'Yar nan, yi wa ƙawarki faɗa. Hutu aka ba ta, ta mai da kanta lebura."

Muka shiga ciki. Na ce, "Yaushe ne?" Ta ce Dogon Likita ya sa mata ranar tiyata, ta ɗaga. Ya sake sawa, ta sake ɗagawa. Wai fenti bai bushe ba.

Na ce, "Sista, da ni ce na gaya miki haka, me za ki yi?"

Ta ce, "Da na zo har shago na ɗauke ki haɗe da keken ɗinkin." Ta yi dariya, ta ci gaba da shafa bango a inda ta riga ta shafa. Can ta ce, "Ku kun shiga ba ku san abin da ke gaba ba, Anti Tela. Ni na san kowace ƙofa da abin da ke bayanta. Kuma yaya zan zauna kan bencin nan, matan da nake ce wa kada su ji tsoro suna kallon hannuna yana rawa?"

Na naɗe hannun riga. Na karɓi burushi na yi mata gefen taga. Inna ba ta sani ba tukuna. Fentin kore ne mai haske, ya yi kyau dai.

Alhamis, 12 ga wata, da la'asar

Yau asibiti kamar tashar mota. Mata biyu sun zo ba su karya ba saboda gwajin jini, ashe an ɗaga shi, ba wanda ya gaya musu. Wata ta zo daga nesa, ranarta sai mako mai zuwa. Wata an canja mata ƙwaya a sama, tagar ɗakin magani ba ta ji labari ba. Sistar Aro ta cire tabarau ta goge gumi, ta ce, "Ku yi min haƙuri, bayin Allah. Kujera aka ba ni, ba a ba ni kan mai kujerar ba." Ta ba ni tausayi, na raba burodina da ita. Ashe tana da ban dariya, ta ce ta fi son masu karaya, inda ka ajiye su nan kake samun su.

An yi min hoton ƙashin. Baban Taga ne ya rufe tagarsa ya raka ni da kansa, yana ta mita duk hanya.

Mai Kifi ba ta zo ba. Na ce kasuwa ce ta riƙe ta.

Asabar, 14 ga wata, da azahar

Ba kasuwa ba ce. Mijinta ya kira ni, an kwantar da ita. Ƙayar kifi ta soke ta a hannun nan mai kumburi, ya yi ja, ya ɗauki zafi, zazzaɓi ya rufe ta. Na tarar hannun kan matashi kamar ba nata ba, an yanke zoben. Likitan da ke bakin aiki ya ce da ta ƙara kwana a gida, da wani labarin ake yi.

Ita kuwa ta buɗe ido ta ce, "Tela, dubi hannun ɗan dambe. Duk wanda ya taya min kifi da araha ya shiga uku."

Likitar Magani ta zaci Malama Ɗaga-Hannu ta gan ta. Malama ba ta ma san an turo ta ba. Ba wanda ya yi mugunta. Wayar da Sista ta saba bugawa ce ba a buga ba.

Asabar, da magariba

Raina a ɓace yake, ban san da wa ba. Na farke ɗinkin da ba shi da laifi.

Lahadi, 15 ga wata, da yamma

Na je na gaya wa Sista. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Ban rufe baki ba ta zari mayafi, da fenti a farcenta muka hau mota.

Mai Kifi na ganinta ta ce, "Amarya, ina angon?" Sista ta yi mata wankin babban bargo a kan safar hannun da ta ce ta riƙa sawa in za ta gyara kifi, tana faɗan tana gyara mata matashi, tana duba robar ƙarin ruwa. Rabona da ganin fuskarta haka tun kafin ta zo shago.

A baranda muka ci karo da Dogon Likita. Ya sunkuyo, don shi sai ya sunkuyo yake ganin mutane, ya ce, "Sista, fentin ya bushe?"

Ta ce, "Ba zan kwanta in bar matan nan haka ba, kowa na zaton wani ya duba."

Ya ce, "Gaskiyarki. Mu ne muka bar kaya kan mutum ɗaya muna tafa mata. Ki zo Laraba, in tara miki kowa a ɗaki ɗaya, ki juye mana abin da ke kanki. Amma Talata ta sama tawa ce, babu ɗagawa."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Sai dai Anti Tela ta zo, a ji daga bakin masu benci."

Ya ce an gama. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, 18 ga wata, da la'asar

Na sa rigata mai kyau, Malam ya ce ko takara zan tsaya. Ɗakin taron ƙarami ne, teburin na lilo, Baban Taga ya naɗe kwali ya cusa ƙarƙashin ƙafarsa. Ashe Likitar Magani da Malama Ɗaga-Hannu ba su taɓa zama kusa da juna ba, sai gaisuwa a matakala.

Sista ta fara. Mace bayan mace, ba ta duba komai. Wannan ba ta karanta saƙo, sai an kira ta da murya. Wannan in aka tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi ko da tana mutuwa, a tambaye ta ko tana iya taje kai. Wannan tana daina shan ƙwaya duk lokacin da surukarta ta zo. Wannan ba a ɗibar mata jini a hannun dama. Wannan tana tsoron na'urar hoto, a bar ta ta shiga da ƙanwarta. Sistar Aro tana rubutu har biro ya ƙare, Dogon Likita ya miƙa mata nasa.

Da aka zo kaina na rasa abin faɗa, na ce mu dai a daina hau da mu bene kamar masu kai saƙo. In likita na son takardar likita, su biyun ai suna da waya. Aka yi dariya, Likitar Magani ta ce ta karɓi laifi.

Aka tsayar da magana. Duk Laraba za su zauna haka kafin ranarmu. Kowace mace a ba ta mutum ɗaya a cikinsu da zai riƙe ta, in ba ta zo ba shi zai neme ta, in ya yi tafiya ya damƙa ta hannun wani da baki. Ni Baban Taga aka ba ni. Ya ce Allah ya ba shi haƙuri.

Har an fara ja da kujeru, Sista ta ce, "Saura mace ɗaya." Ta faɗi shekarun matar, da gefen, da ranar da za a shiga da ita. Ta ce matar tana da taurin kai, ta san komai, kada a yarda da ita in ta ce ba komai. Tana da uwa tsohuwa a gida. Sannan ta faɗi sunan.

Baban Taga ya cire hularsa ya sake mayarwa. Sistar Aro ta ajiye biro. Ni na kalli ƙafar teburin.

Malama Ɗaga-Hannu ce ta ce, "Wannan tawa ce. Shekara da shekaru tana turo min aiki daf da tashi, yanzu zan rama."

Sista ta yi dariya har da hawaye. Na ce na dariya ne.

Juma'a, 20 ga wata, da yamma

Ta roƙe ni in zauna lokacin da za ta gaya wa Inna. Dole ta ɗaga murya, abin da ake faɗa a hankali aka faɗa da ƙarfi, har sau biyu. Inna ta kashe rediyo. Ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ta ce ke ma an yi miki?"

Na ce e, Inna, da daɗewa.

Ta ce, "Nuna min."

Ban taɓa nuna wa kowa ba sai Malam da asibiti. Na ja labule, na cire riga. Ta sa yatsa ta bi tabon daga ƙirji har hammata, hannunta da sanyi. Ta ce, "Kina ci? Kina barci? Kina faɗa da mijinki?" Na ce duka ina yi, na ƙarshen ma ya fi yawa.

Ta ce, "To." Ta ƙara duba tabon, ta ce, "Ɗinkin ba laifi, amma da ke kika yi da ya fi miƙewa."

Sista ta kwantar da kai a cinyarta. Na fita tsakar gida na shigo da kujerun da ke waje tun ranar fenti.

Talata, 24 ga wata, da safe

Ta shiga.

Talata, da azahar

Ta fito. Alhamdulillahi. Abin da ta fara cewa, "An ba Mai Kifi rana?" Na ce rufa mana baki. Malam ya zo da abinci mai yawa, ni da Inna muka ci kamar ba gobe.

Alhamis, 26 ga wata, da la'asar

Jiya Baban Taga ya kira ni, ya ce ƙashina da ɗan sauransa, an ƙara min magani, in zo in karɓa, kuma kada in ce masa na manta. Yau ban hau bene ko sau ɗaya ba. Matan gwajin jini an kira su tun shekaranjiya. Akwai dai wadda aka kira sau biyu, ta ce ita ba ta ƙi a kira ta sau goma ba.

Sista ta ce a gaya wa benci halin da take ciki, Sistar Aro ta faɗa. Mai Kifi, an sallame ta da hannu a naɗe, ta juyo ta ce, "Ɗinkin amaryar ke nan?" Na ce ni dai ban ce komai ba. Ta ce, "Ke da bakinki ba ya riƙe ruwa. Lallai kin sha wuya." Ta share ido da naɗin hannun.

Muka hau sama gaba ɗaya, aka ce bibbiyu za a shiga, ba wanda ya ji. Muka tarar Malama Ɗaga-Hannu ta zaunar da ita a bakin gado tana cewa, "Ɗaga. Ƙara kaɗan." Sista na cije leɓe tana cewa, "Ashe haka abin yake da zafi?" Mata suka amsa baki ɗaya, "Haka yake." Hannunta yana rawa, kowa ya gani. Sai wata ta matso ta tallafe mata gwiwar hannu.

Alhamis, 9 ga sabon wata, da yamma

Yau za a gaya wa Sista abin da gwajin naman da aka cire ya nuna. Ta zauna tsakanina da Mai Kifi a benci, jaka a cinya. Ba ta huta ba, tana ta gyara ƙasa-ƙasa: waccan ba ta sha ruwa ba, a buɗe taga, wa ya matsar da sikeli. Mai Kifi ta ce, "Baiwar Allah, nan layi ake bi, ba mulki ake yi ba."

Sistar Aro ta leƙo ta kira sunanta. Ta miƙe, ta yi taku ɗaya, ta dawo ta zauna. Ta kama wuyan hannuna, tafinta ya jiƙe.

Ta ce, "Anti Tela, taso mu shiga tare. Ba na son ji ni kaɗai."

Na bar wa Mai Kifi jakata muka shiga. Dukansu suna ciki, har Baban Taga a tsaye jikin ƙofa. Abin da suka faɗa nata ne, ba zan rubuta ba. Akwai sauran tafiya, amma sun san hanyar, kuma kowa ya faɗi inda zai tare ta.

Jakata yanzu warin kifi take.

Juma'a, 10 ga wata, da hantsi

Ta zo shago da Inna. Tana son hulunan kai masu laushi, a ɗinka tun gashin bai fara zuba ba. Na ciro mata yadi masu duhu, waɗanda ba sa jan ido. Ta ture su gefe, ta miƙa hannun nan, a hankali, har saman kantar yadi, ta jawo wani ruwan ɗorawa mai ƙyalli.

Na ce, "Sista, wannan ai daga bakin titi za a hango ki."

Ta ce, "To a hango. Yanka."